Asabar: gadeniyar Yaya ta zo jinya

Asabar, tsakiyar hunturu, Kaduna.

Da hantsi Yaya ta aiko yaro da tukunyar gadeniyarta, tare da saƙo: "Ƙanwata, ki duba min ita, taki nake ta ba ta amma sai ƙara rawaya take yi." Tsayin shukar ya kai santimita 40, tana cikin tukunyar roba da ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, farantin da ke ƙasa kuma cike yake da ruwa. Ganyen sama ya yi rawaya amma jijiyoyinsa kore shar, na ƙasa ya yi rawaya gaba ɗaya yana kakkaɓewa, tohon furen kuwa ya yi baƙi a wuya, da an taɓa sai ya faɗi.

Kafin komai na kankare ɓawon reshe da farce. Kore ne a ciki, da ɗan danshi, ke nan da sauran rai. Rassa biyu na gefe sun nuna ruwan ƙasa a bushe, waɗannan sun riga sun tafi.

Wannan da ake sawa a falo ita ce Gardenia jasminoides, asalinta daga kudancin Sin, Taiwan, Japan da Biyetnam, dangin itacen gahawa. 'Yar uwar gauɗen dajinmu ce ta kusa, sai dai hali ya bambanta. Gauɗe ya saba da rani da ƙasa mai tauri, ita kuwa ta fito ne daga inda iska ke da laima, ƙasa kuma mai tsami. Kusan duk ciwon da take yi a gidajenmu daga nan yake tasowa.

Rawayar ganye ba iri ɗaya ba ce, kuma wurin da ta fara shi ke faɗin dalili. Idan sabon ganye ne ya koɗe, jijiya ta tsaya kore, sinadarin ƙarfe ne bai isa sama ba, domin shuka ba ta iya kwaso shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Idan tsohon ganye ne ya yi irin wannan zanen, an fi zargin ƙarancin sinadarin magniziyam. Idan kuma tsohon ganyen ya yi rawaya duka ba zane, ko dai naitirojin ne ya yi ƙaranci, ko ruwa ya yi yawa. Ta Yaya ta haɗa na farko da na ƙarshe. A nan mutane ke ruɗewa su ɗauko taki. Sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasa, shukar ce ta kasa ɗauka, kuma zuba takin zamani a kan saiwa marar lafiya ƙona ta yake ƙara yi.

Na kifa tukunyar a kan buhu na zare shukar. Warin da ya taso ya riga ya ba da amsa. Lafiyayyar saiwar gadeniya fara ce mai ƙwari. Wannan kusan rabinta ya zama ruwan ƙasa, ya yi laushi, in an ja sai fatar ta saɓule ta bar zare a hannu. Huji ɗaya ne a gindin tukunyar, shi ma laka ta toshe shi. Saiwa tana numfashi, in ƙasa ta daɗe a jiƙe iska ba ta shiga, sai ta shaƙe, ƙwayoyin ruɓa su samu ƙofa. Abin da ke yaudarar mai shuka shi ne ganyen na yin yaushi tamkar mai jin ƙishi, sai a ƙara ruwa, ciwo ya ƙaru.

Dalili na biyu yana saman ƙasar: wani farin gari da ya daskare a gefen tukunya. Na ɗiga masa ruwan khal, ya yi kumfa. Na kira Yaya.

"Yaya, kin zuba mata toka?"

"Eh mana, ta murhu. Ai haka muke yi wa tumatir saboda ƙwari."

To, toka tana kashe tsamin ƙasa. Gadeniya na son ma'aunin tsami, wato pH, tsakanin 5 da 6 (in lambar ta hau, tsami ya ragu ke nan), kuma da zarar ya haura 7 ƙarfen da ke ƙasa ya daina narkewa yadda saiwa za ta sha. Na jiƙa ƙasar da ruwan sama da na ajiye tun damina, na bar ta ta lafa, na tsoma takardar gwaji: ta nuna wajen 8. Ɓaraguzan siminti da ɓawon ƙwai su ma haka suke yi. Ruwan burtsatse kuma ya danganta da wuri. Inda akwai dutsen farar ƙasa, kamar yankin Kalambaina a Sakkwato, ruwan kan zo da nauyi, shi ma yana rage tsamin ƙasa. Alamarsa a gida sananniya ce: sabulu ba ya kumfa sosai, butar shayi na yin farin ɓawo a ciki.

Aikin saiwa ya ci mini lokaci. Na wanke tsohuwar ƙasar a hankali cikin bokitin ruwa mai ɗan ɗumi, na goge almakashi da sifirit, na yanke duk ruɓaɓɓen wuri har sai na tarar da fari. Bayan kowane yanka mai ruɓa ana sake goge almakashin, in ba haka ba da hannunka kake raba cutar. Tun da saiwa ta ragu da kusan rabi, dole sama ma ya ragu, don abin da ya saura ba zai iya shayar da ganyen duka ba. Na cire matattun rassan, na rage tsawon sauran da kamar kashi ɗaya cikin uku, ina yanka daidai saman gaɓar ganye. Tohon furen da ya rage ma na tsinke shi duka. Yaya ba za ta ji daɗin wannan ba, amma fure ƙarfi yake ci, shukar kuwa ba ta da na bayarwa yanzu.

Tukunya na sauya mata ƙarama, ta ƙasa, mai huji uku, wadda ta fi dunƙulen saiwar da santimita 2 zuwa 3 kawai a kowane gefe. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba za ta kai gare shi ba. Ban shimfiɗa tsakuwa a gindi ba. Ana yawan yin haka da sunan tace ruwa, alhali ɗago jiƙaƙƙen wurin yake yi ya matso kusa da saiwa. Haɗin ƙasar: kashi 2 na garin ɓawon kwakwa da aka wanke sosai saboda gishiri, kashi 1 na ruɓaɓɓen ganye, kashi 1 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Wanda ke da buntun shinkafa zai iya sa shi a madadin rabin yashin, amma ɗanye wanda ya kwana biyu, ba ƙonanne ba, domin ƙonannen ya koma dangin toka. Na dasa ta daidai zurfin da take a da, ban binne wuya ba.

Sai ƙwari. Na riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe na ɗan girgiza. Wasu ɗigo-ɗigo ƙanana suka zubo suna motsi, a bayan ganye kuma ga siririyar saƙa. Ƙananan jajayen gizo-gizon nan ne masu tsotsar ganye, kuma busasshiyar iskar hunturu ita ce lokacinsu. A hammatar ganye biyu akwai farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ga darɓa da ya bari, wadda baƙar fumfuna ke hawa kai. Farin na goge shi da auduga da sifirit. Sauran na wanke bayan ganyen da ruwa, sannan na fesa man darbejiya: mililita 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi, da ɗigo kaɗan na sabulun ruwa don man ya haɗu. Da yamma ake fesawa, rana tana ƙona ganyen da ke da mai. Feshi ɗaya ba ya gamawa da ƙwai, don haka za a maimaita duk bayan kwana 5 zuwa 7, sau uku.

Mazauninta yanzu tagar gabas: hasken safe, inuwa da rana. Na nisanta ta daga fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Ta fi son digiri 18 zuwa 24 da rana, 15 zuwa 18 da dare, kuma sanyin daren ne ke sa ta ɗaura toho. Hunturu yana ba da wannan sanyin kyauta, abin da yake hanawa shi ne laima, ita kuwa tana son kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Yayyafa wa ganye ruwa ba ya wani tasiri, cikin mintuna kaɗan ya bushe. Na kafa sanduna uku a tukunya na rufa farar leda mai huji-huji yadda ba za ta taɓa ganye ba. Za a riƙa buɗewa kullum ta sha iska. Kuma a bar ta wuri ɗaya, yawan ɗauke ta daga nan zuwa can ma yana zubar da toho.

Na rubuta wa Yaya ƙa'idar ruwa. A tura yatsa santimita 2 zuwa 3 cikin ƙasa, in ya fito a bushe a zuba har ya tsiyayo ta ƙasa, bayan kwata ɗin awa a zubar da na faranti. Ruwan sama ya fi. In babu, babban cokali ɗaya na khal a lita 4 ta ruwa, kamar sau ɗaya a wata, a riƙa gwada ƙasar don kada tsamin ya wuce kima.

Taki babu shi sai bayan mako 4 zuwa 6, lokacin da sabon toho ya nuna saiwa ta kama. Sannan a fara da rabin awon da aka rubuta a jikin kwali, irin mai amoniyam salfet. In sabon ganye ya sake fitowa a koɗe, a nemi sinadarin ƙarfe a shagon kayan noma. Wanda aka rubuta EDDHA a jikinsa yana aiki ko da ƙasa ta rasa tsami, na EDTA kuwa ƙarfinsa na raguwa da zarar pH ya wuce 6.5. Ganyen da ya riga ya yi rawaya duka ba zai dawo kore ba, wasu ma za su ƙara zuba a makon nan saboda dashen. Sabon da zai fito shi za a duba. Feshi na gaba ranar Juma'a, bayan la'asar.