Abin da neman tallafi wa makarantarmu ya koya mini

Takardar neman tallafi ta farko da na rubuta shafi bakwai ce. Kwana biyu na yi a kanta, in an ɗauke wuta in haska da fitilar waya. Duk abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya na zuba shi a ciki: ajujuwa biyu da iska ta yaye wa rufi tun daminar bara waccan, yara zaune a ƙasa sun ɗora littafi a cinya, allon da ya koɗe har alli ba ya kama shi. A ƙarshe sai na roƙi gidauniyar ta gina mana ɗakin kwamfuta, saboda na ga shi ake yayi, kuma na ɗauka shi masu kuɗin ke son ji. Bayan wata uku amsa ta zo a layi biyu. Sun gode, amma ba a zaɓe mu ba.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na rubuta. Sai na ɗauki takardar na kai wa wata dattijuwa a garinmu, wadda ta yi shekaru tana aiki da ƙungiyoyin raya karkara kafin ta yi ritaya. Ta sa tabarau ta karanta tun daga farko har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Da ta gama sai ta ɗago.

"Malam, 'yan mata nawa ne a aji shida?"

"Suna da yawa, Hajiya."

"Nawa ne suka zo yau? Nawa ne suka kai har lokacin tashi?"

Na yi shiru. Shekarata tara ina koyarwa a makarantar, ni ne kuma nake riƙe da littafin taron kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, amma ban da amsa. Ta miƙo mini takardata ta ce, "Wanda zai karanta wannan yana da irinta ɗari a gabansa, kowacce da kukanta. Je ka ƙirga, ɗana, sannan ka dawo."

Wata guda muka yi muna ƙirga, ni da malamai biyu. Muna kiran suna da safe, mu sake kira bayan tara. Sunayen da ke cikin rajista sun fi kawunan da ke cikin aji nesa ba kusa ba, wannan kowa ya sani. Ranar kasuwa aji yakan rame, wannan ma sananne ne. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, manyan 'yan matan aji biyar da shida suna zuwa da safe, amma da an fita tara sai da yawansu su ƙi dawowa. Na kai maganar taron iyaye mata ina zaton talla za a ce. Wata uwa, mai sayar da ƙosai a bakin tasha, ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, kai namiji ne, shi ya sa ba ka gani ba. Yarinyar da ta fara girma, ina za ta zaga a makarantar nan? Banɗakin ba ƙofa, famfon kuma ya shekara bai kawo ruwa ba. Gida za ta tafi, in ta tafi kuma aiki ya riƙe ta."

Har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Kullum ina wucewa ta gaban banɗakin, ina ganin tsohon buhun da aka rataya a madadin ƙofa, ban taɓa haɗa shi da kujerun da ke zama babu kowa bayan ƙarfe goma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na zauna na rubuta shafi bakwai ban tambayi masu ɗakin ba. Takarda ta biyu shafi biyu ce kacal: banɗaki huɗu masu ƙofa da sakata a ɓangaren mata, gyaran famfon tuƙa-tuƙa, da jadawalin ƙirgar da muka yi.

A wannan tsakanin ne na fara fahimtar inda kuɗin ilimi yake bi a ƙasar nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko, aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa ake yawan jin biliyoyin naira suna kwance a Abuja ba a ɗauka ba, alhali yara na zaune a ƙasa. Akwai kuma shirye-shiryen da ke tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun makaranta. Shirin tallafa wa ilimin firamare na NIPEP da aka fara a 2015 da dala miliyan 100 ya yi haka a Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 don karatun 'yan mata a sakandare, ya fara da jihohi bakwai: Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, sannan a 2023 aka ƙara masa dala miliyan 700 aka shigo da wasu jihohin. A duka biyun, ta hannun kwamitin SBMC aka tsara tallafin gyaran makaranta ya bi.

Mu kuwa a lokacin, kwamitinmu ya kusa shekara bai zauna ba. Asusun banki ya daskare saboda rashin motsi, ɗaya daga cikin masu sa hannu ya rasu ba a maye gurbinsa ba. Ni ina can ina laluben gidauniyoyin Turai a intanet, ƙofar da ke bakin hancina a rufe take, kuma mu muka rufe ta da kanmu. Sai da muka yi sawu huɗu zuwa banki, da takarda daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kafin asusun ya farfaɗo.

Ƙungiyar matasan da ke yi wa yara darasin yamma ita ma ta sha irin wannan. Yawancin masu bayar da tallafi ba sa zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya, komai gaskiyarsa. Suna son rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da takardar SCUML ta sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ake karɓa a ƙarƙashin EFCC, da asusu mai sunan ƙungiya. Ofishin jakadancin Japan, alal misali, yana da tallafin ƙananan ayyukan al'umma da ya gina ajujuwa a wurare da dama, amma wanda bai da takardu ko layin ba zai shiga ba. Takardun nan suna cin watanni, sanarwar neman tallafi kuwa sau da yawa 'yan makonni take bayarwa. Sau biyu dama ta wuce matasan nan suna jiran satifiket.

Akwai kuma 'yan damfara. An taɓa turo wa shugaban matasan saƙo a WhatsApp, da tambari mai kyau, wai an zaɓi ƙungiyarsu, su biya kuɗin fom kawai. Har ya fara karo-karo. Hajiya ce ta tsayar da shi, ta ce duk tsawon aikinta ba ta taɓa ganin mai bayar da tallafi na gaskiya ya nemi a fara biyansa ba.

Da Allah ya sa wata ƙaramar gidauniya ta amince da takardarmu ta biyu, na zaci wahala ta ƙare. Ashe nan aikin ya fara. Mun yi kasafinmu kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Watan da ya biyo baya aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun simintin da muka rubuta a ƙasa da naira dubu biyar ya kai dubu goma kafin mu gama. Wasu a kwamiti suka ce a rage siminti a ƙara yashi, wa zai sani? Wasu suka ce a yi banɗaki uku a rubuta huɗu. Ni kaina na kwana ina juya maganar, don ina tsoron in mun faɗi gaskiya a ce mun kasa. Daga ƙarshe muka rubuta musu wasiƙa, muka haɗa da sabon farashi daga shaguna uku, muka nemi izinin yin uku masu ƙarfi. Cikin mako guda suka amince, har suka gode da muka sanar da su tun kafin mu taɓa komai.

Wanda ya fi wuya shi ne ranar da wani babba a gari, mutumin da nake girmamawa tun ina yaro, ya kira ni ya ce tunda kuɗi sun shigo, a ɗan taɓa a gyara zauren da ake taron unguwa, ai duk aikin al'umma ne. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin nan da sunan 'yan matan nan aka ba mu, kuma da sa hannunka a takardar. In muka karkata da su, ba ni da bakin da zan sake roƙa wa garin nan komai." Ya daɗe bai yi magana ba. Daga baya shi da kansa ya aiko da amalanke biyu na yashi kyauta.

Rasit kuwa, a cikin wani tsohon gwangwanin madara nake tara su. Magini ba shi da rasit, mai kawo ruwa a kura ba shi da shi, don haka muka riƙa rubuta takarda da hannu: aikin da aka yi, kuɗin da aka biya, kwanan wata, mutum ya dangwala yatsa, shaidu biyu su sa hannu. Kowane ƙarshen wata muna liƙa lissafin a bangon ofishin hedimasta, ma'ajinmu kuma ya karanta shi da baki a taron iyaye saboda waɗanda ba sa karatun boko. Kafin mu fara haka, ana ta raɗe-raɗin cewa malamai sun samu abin duniya. Bayan karatu na biyu maganar ta mutu, mutane suka fara kawo nasu gudummawar ba tare da an roƙa ba.

A watan Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90, daga bisani aka rufe USAID, hukumar da ke raba tallafin, baki ɗaya. Na san matasa masu kishi da aikinsu ya tsaya cak a wannan lokacin, cibiyoyin karatun da suke kula da su aka sa musu kwaɗo, domin hatta kuɗin alli daga waje yake zuwa. Abin ya tsorata ni, ya sa muka zauna muka tambayi kanmu abin da zai rage mana ranar da ba kowa. Iyaye mata suka kawo shawarar asusun gyara: kowane gida ya ba da abin da ya sawwaƙa, mai kwanon gero da kaka, mai naira ɗari ranar kasuwa.

Kwanakin baya robar cikin famfon ta cinye, ruwa ya tsaya ranar Talata. Ma'aji ya buɗe asusun, aka kira mai gyara daga garin da ke kusa, ranar Alhamis ruwa ya dawo. Da aka koma aji bayan tara na kira sunan 'yan aji shida kamar yadda na saba yanzu, na rubuta adadin a littafin da zan kai wa Hajiya, don takarda ta gaba a kan rufin ajujuwan nan biyu ce.