Kafin ka tsoma furotin ɗinka a ruwa mai nauyi

Shekaranjiya a ɗakin gwaji, nan Samaru, na leƙa littafin wani ɗalibi da ke shirin auna musayar haidirojin da diyutiriyam (wani nau'in haidirojin mai nauyi) a jikin furotin alpha-synuclein. Ya rubuta lokutan da zai yi awo: daƙiƙa 30, minti 10, awa 1, a pH 7.4 (pH shi ne ma'aunin yawan asid a ruwa). Gabana ya faɗi, don wannan jadawalin ne ya cinye mini aikin watanni.

In an tsoma furotin a ruwa mai nauyi, wato ruwan da diyutiriyam ke cikinsa a madadin haidirojin, kowane haidirojin na ƙashin bayansa, wato babbar sarƙar furotin ɗin, da diyutiriyam ya maye gurbinsa yana ƙara masa nauyi kusan dalton 1 (ma'aunin nauyin ƙwayoyi), shi na'urar auna nauyin ƙwayoyi take gani. Sashen da ya naɗe yakan ɗauki mintoci ko awanni. Amma wanda ba shi da tsayayyen siffa, irin wannan furotin mai amino asid 140, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya gama musaya. Ni kuwa da na bi wannan jadawalin a nawa aikin, sai na ga layin sakamakon a miƙe, da abokin haɗi (ƙwayar da nake gwada ko tana manne wa furotin ɗin) da babu duk ɗaya, na rubuta cewa ba sa haɗuwa. Ashe kafin awon farko an tashi kasuwa. Gaskiya jadawalin na gada ne daga masu aiki da naɗaɗɗun furotin, kuma ba a hannuna na'urar take ba. Duk da haka lissafin saurin musayar bai fi ƙarfina ba, ganda ce ta hana ni.

To ɗana ɗalibi, sauke pH. Kowane mataki ɗaya yana rage saurin musayar sau 10. Amma kar ka zarce, don asid na sauya halin furotin ɗin kansa. In akwai injin da ke gaurayawa cikin ƙasa da daƙiƙa, bar pH ɗinka inda yake. Ka tuna a ruwa mai nauyi ana ƙara 0.4 kan abin da mitar pH ta nuna.

Tsayar da musayar a pH 2.5, bisa ƙanƙara, sannan pepsin, sinadarin da ke yanka furotin, ya yayyanka shi. Zafin Zariya na watan Afrilu ba ya jira: ƙarin digiri 10 na ninka saurin kusan sau 3, diyutiriyam ɗin ya zube kafin a auna. Haɗa samfuri guda da ya cika da diyutiriyam don ka san nawa ka yi asara. Cire amino asid ɗin proline daga ƙidaya, ba shi da wannan haidirojin, kuma yana da yawa a sassan da ba su naɗe ba.

Ku yaran yanzu waya kuke tambaya, ta ba ku jadawali ku kwafa. Ɗauko biro, ka lissafa mini daƙiƙa nawa furotin ɗinka zai ɗauka kafin ka taɓa kwalbar ruwan nan mai tsada.