Biredin da ya kwana ya fi daɗin suya da ƙwai

A gidanmu biredi ba ya ƙarewa ranar da aka saye shi. Maigida zai shigo da babba bayan sallar isha'i, yara su ci rabi da shayi, sauran ya kwana a leda. Gari na wayewa kowa ya ɗauke kai, wai ya yi tauri. Tun 2023 da aka cire tallafin man fetur kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, ni kuwa ba zan iya kallon rabin biredi ya tafi ga kaji ba. Shi ya sa na koma tsoma shi cikin ƙwai da madara ina soyawa, abin da masu koyar da girki ke kira tos ɗin Faransa.

Haɗin ba baƙo ba ne a Kano. Duk teburin mai shayi, daga Gwammaja har Hotoro, akwai biredi da ƙwai. Sai dai shi mai shayi wainar yake soyawa daban, ya cusa ta a cikin biredi, ya danna a kasko. A nan kuwa biredin ne yake shan ɗanyen ƙwai tun kafin ya ga wuta, sai cikinsa ya fito da laushi, bayansa ya yi ja.

Ranar da na fi gane kan abin ita ce wata Asabar da ƙanwar maigida ta zo da 'ya'yanta daga Zariya, ga kuma Hajiya, surukata, tana kwana biyu a wurinmu. Bakin da za a ciyar ya yi yawa, biredin jiya ba zai isa ba, sai na aiki babban ɗana shago ya ƙaro sabo mai yanka-yanka. Haka na samu kaina da iri biyu a kasko ɗaya. Sabon yana shiga ruwan ƙwai ya saki jiki, ina ɗagowa yana yagewa a hannuna. Wanda ya tsira ya kai kasko ma, bayansa ya soyu amma tsakiyarsa ta zauna caɓal. Na jiyan kuwa ya sha ruwan ya riƙe, na juya shi da cokali ko gezau.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Sabon biredi cike yake da danshi, ba shi da wurin da zai ajiye wani ruwa. Idan ya kwana, garin da ke cikinsa yakan ƙara ƙarfi, danshin ya ragu, ƙananan ramukan nan su zama a buɗe. Tun daga lokacin, in sabo ne kawai a gida, nakan yanka shi in baza a faranti tun dare. Da hunturu ma ba sai an kwana ba, iskar nan mai busar da leɓe tana gama aikin kafin a dawo daga sallar asuba a tafasa ruwan shayi. Damina ce ke buƙatar sa ido, don biredi yana saurin yin hunhuna a leda. In na ga ɗigon kore ko baƙi, ko ɗaya ne, zubarwa nake yi gaba ɗaya. Yanke wurin ba ya wadatarwa, domin a abu mai laushi irin wannan hunhunar tana ratsawa ciki inda ido ba ya gani.

Dunƙulallen biredi wanda ba a yanka ba ya fi, saboda ni ce zan zaɓi kaurin. Kaurin yatsa biyu nake yi. Na leda mai yanka-yanka ya yi siriri, in shi ya zama dole to tsomawa ɗaya ce a cire, ba a bari ya zauna.

Ma'aunina gwangwanin madara ne. Don yanka 8 zuwa 10, ina fasa ƙwai 4, in zuba madarar ruwa gwangwani ɗaya, in ƙara ruwa rabin wannan gwangwanin. In madarar gari ce, cokali 4 a dama da ruwa gwangwani ɗaya da rabi. Sai ɗan gishiri, wanda mutane da yawa ke mantawa, alhali shi ne ke fito da ɗanɗanon komai, yana kuma taimakawa farin ƙwan ya saki. A kaɗa sosai, har a daina ganin yauƙin farin, in ba haka ba zai manne a jikin biredin ya soyu fari-fari. Kwano mai faɗi ya fi mai zurfi, don yankan ya kwanta sosai.

Sukari shi ne inda na saɓa da yawancin masu koyarwa. Su biredinsu na can ƙasashen waje kusan salam yake, shi ya sa suke zuba sukari cokali-cokali. Namu na gidajen biredin Kano da zaƙinsa yake zuwa. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishe ni, wani lokacin ma ba na sawa. Banda gundura, sukari yana saurin ƙonewa a kasko, sai a ga biredi ya yi baƙi alhali ƙwan ciki bai nuna ba. Wanda yake son zaƙi ya ƙara a farantinsa.

Don ƙamshi da kashe ƙarnin ƙwai, kirfa nake sawa da ɗan gyaɗar ƙamshi. A Kasuwar Kurmi nake sayen kirfar sanda-sanda in daka da kaina, ta fi ta roba ƙamshi nesa ba kusa ba. Garinta ba ya narkewa a ruwa, sama yake tasowa, yankan farko ya kwashe duka na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Maganin shi ne a fara kwaɓa ta da ƙwai ɗaya kafin a zuba madara, sannan a riƙa juya ruwan kafin kowace tsomawa.

Sai wuta, wadda ita ce rabin aikin. Matsakaiciya ce, ta ɗan karkata zuwa ƙasa. Ƙwai ba ya son zafi mai yawa, tun wajen digiri 70 yake kamawa, abin da ake nema kawai shi ne zafin ya samu lokacin ratsawa tsakiya. Kowane gefe minti biyu zuwa uku. Gas ya fi sauƙin sarrafawa, amma na yi a kurfoti ma, sai dai a bari gawayin ya ci ya fara toka tukuna. Bota kaɗai tana ƙonewa da wuri, don haka ina haɗa ta da ɗan man gyaɗa, kuma ina goge kaskon da tsumma mai tsabta bayan kowane zubi, saboda baƙin da ya rage shi ke ɓata na gaba. Man shanu ya fi su duka daɗi da jure zafi, amma da sharaɗi. Mu mun saba soya shi da albasa don tuwo da miyar kuka, wannan kuwa ba ya tafiya da kirfa da zuma ko kaɗan. Nakan ware kaɗan in soya shi zalla a wata kwalba.

Alamar nuna ita ce in an danna tsakiya da yatsa ta dawo, ba ruwa ya ɓullo ba. Kuma kada a zuba a kula a rufe. Tururi yana jiƙa shi, jan bayan nan da aka sha wahala a kai ya tafi. A faranti nake jerawa a buɗe, yara suna ɗauka ina ci gaba da suya. Gaskiya abincin nan ba ya jiran kowa ya gama wanka.

A kai muna zuba zuma, da ayaba in an je 'Yan Lemo an samo mai kyau, ko mangwaro in lokacinsa ne. Kindirmo mai sanyi a gefe yana rage nauyin maiƙon. Jaririn ƙanwar maigida bai kai shekara ba, don haka nasa ba zuma, likitoci sun hana ba wa yaro zuma kafin ya cika shekara ɗaya.

Da na kai wa Hajiya nata na ce, "Hajiya, ga shi a ɗanɗana mana." Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ajiye.

"Sannu 'yar nan, ya yi laushi. Amma ni da safe bakina ba ya karɓar zaƙi. Ba yaji a gidan ne?"

Na koma kicin na fasa ƙwai biyu, na rage madarar, na cire sukari da kirfa. Na goga albasa, na jajjaga attaruhu ɗaya, na sa dunƙulen magi rabi. Albasar sai an goga ta ko a yanka ƙanana sosai, in ba haka ba zubewa take yi daga jikin biredin ta ƙone a kasko. A nan ne man shanun nan mai albasa ya yi rana. Hajiya ta ci yanka biyu da kunun gyaɗa, maigida ya ture nasa mai zuma ya ce a yi masa irin nata. Yanzu kwano biyu nake haɗawa, kuma mai zaƙin nake fara soyawa, domin kaskon da ya ga attaruhu ko an goge shi sai yara sun ji.