Yadda na wanke bayanan harajin Amurka da R har na fitar da taswira

Aikin da aka ba ni shi ne in haɗa taswirar harajin saye da sayarwa na Amurka, gunduma bayan gunduma, don mai kallo ya ga inda harajin ya yi tsada da inda ya yi sauƙi. Can ƙasar gwamnatin tarayya ba ta karɓar wannan harajin, kowace jiha ce ke yanka nata, sai gunduma ta ɗora nata a kai, gari ma ya ɗora, wani wurin har hukumar sufuri ko ta asibiti ta ƙara ɗan wani abu. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair mai sayar da kaya ta intanet, jihohi suka samu damar tilasta wa masu sayar da kaya ta intanet su karɓi harajin ko da ba su da shago a jihar, shi ya sa yanzu mutane da yawa ke neman irin waɗannan bayanan ruwa a jallo.

Zanen taswirar kansa wallahi ba wani abu ba ne, layi kaɗan ne a ggplot2, kunshin zane na R, wato manhajar sarrafa bayanai da na yi aikin da ita. Inda lokaci ya tafi shi ne wanke bayanan. Kowace jiha da yadda take fitar da nata, wata fayil ɗin jadawali na CSV mai kyau, wata PDF ne kawai sai ka san yadda za ka zaro jadawalin, wata ta rubuta 6.25%, wata 6.25, wata kuma 0.0625, kuma duk abu ɗaya suke nufi. Abin da na fara yi kenan, na karanto komai a matsayin rubutu da umarnin read_csv, na hana R ya yi mini hasashen nau'in kowane kolum (jerin tsaye na jadawali), sannan na cire alamar kashi da parse_number. Batun ninkawa da 100 kuma ban yi shi da doka ɗaya ga kowa ba, don in ka ce duk lambar da ba ta kai 1 ba a ninka ta da 100, to akwai gundumar da harajinta na gaskiya rabin kashi ne, 0.5, sai ka mayar da shi kashi 50. Jiha jiha na bi, ina duba yadda fayil ɗinta yake rubuta lamba, na ajiye hakan a wani ɗan jadawali daban.

Sai maganar haɗa jadawalin haraji da taswira, nan ne gaskiya ake shan wuya. Duk wanda ya ce zai haɗa da sunan gunduma to ya shirya. Sunan Washington kaɗai jihohi kusan 30 ne ke da gunduma mai shi. A Maryland akwai birnin Baltimore akwai gundumar Baltimore, wuri biyu ne daban, haka St. Louis a Mizuri, ita kuma Bajiniya tana da birane 38 masu cin gashin kansu waɗanda ba sa ƙarƙashin kowace gunduma, har da Fairfax da Richmond da suke da takwarorinsu gundumomi masu suna iri ɗaya. Wani fayil ya rubuta Saint wani St., wani DeKalb wani De Kalb, ga Doña Ana ta New Mexico da harafin nan mai lanƙwasa a kai yake fitowa a hargitse in ba a karanta fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8 ba. Mafita dai ita ce lambar FIPS da gwamnatin Amurka ke ba kowace gunduma, lamba biyar, biyun farko na jiha ukun ƙarshe na gunduma. Birnin Baltimore 24510 ne, gundumar kuma 24005, shikenan rigima ta ƙare.

Amma ita ma FIPS ɗin tana da nata tarkon. Jihohi irin su Alabama da Alaska da Arizona da Kalifoniya da Kolorado lambarsu da sifili take farawa, Los Anjalas 06037 ce. In fayil ya taɓa ratsawa ta manhajar jadawali, ko aka karanto shi da read.csv ba tare da an faɗi nau'in kolum ba, sifilin nan ya tafi, sai ka ga 6037, kuma ba wani gargaɗi da zai fito, kawai za ka zana taswira ka ga Kalifoniya fara fat babu launi. Wasu fayilolin a haka suka zo mini, umarnin str_pad ne ya dawo da sifilin, ya cike kowace lamba ta kai harafi 5.

Wani abin da ban ga ana yawan faɗa ba shi ne su kansu gundumomin suna canzawa. A 2015 gundumar Shannon ta Dakota ta Kudu ta koma Oglala Lakota, lambarta ta tashi daga 46113 zuwa 46102. A 2019 aka raba Valdez-Cordova ta Alaska gida biyu. Konetikat kuma daga 2022 hukumar ƙidaya ta bar tsoffin gundumominta 8 ta koma amfani da yankunan tsare-tsare 9, da sababbin lambobi. To in jadawalinka na da ne, taswirar da ka sauko da ita ta tigris, kunshin R mai kawo taswirorin hukumar ƙidaya, kuma ta bana ce, jihar gaba ɗaya ba za ta haɗu ba. Sa'ar da aka yi Konetikat ba ta da harajin ƙananan hukumomi, 6.35 ne ko'ina, sai na liƙa ta lambar jiha kawai. Daga nan na riƙe anti_join kam, umarnin da ke nuna layukan da ba su samu abokin haɗi ba, kafin kowane left_join, wato haɗa jadawalin da taswira, sai na juya shi ta ɓangare biyu, in ga waɗanda ke jadawali babu su a taswira, da waɗanda ke taswira babu su a jadawali, har sai duka biyun sun dawo babu ko layi ɗaya, ko kuma na san dalilin kowane layin da ya rage.

Abin da ya fi damuna a aikin nan, kuma har yanzu in na gan shi a taswirar wani raina ɓaci yake, shi ne haɗa sifili da babu. Oregon da Montana da Delaware da New Hampshire da Alaska ba su da harajin saye na jiha, wannan sifili ne na gaskiya. Amma gundumar da ba a samu bayaninta ba NA ce, ba mu san nawa ake biya ba. Mutum sai ya sa replace_na ya cike duk gurbin da 0 don taswira ta yi kyau, alhali ƙarya ya zana, wani ɗan kasuwa zai iya dogara da ita ya ƙi karɓar harajin da doka ta ce ya karɓa, daga baya a bi shi bashi da tara. Alaska ma ai misali ce mai kyau, jiha ba ta karɓa amma garuruwa da dama suna karɓa, Juneau na da nata, Anchorage ba ta da shi. Ni dai na bar NA da launin toka, na rubuta a gefe cewa toka na nufin ba a samu bayani ba.

Sai tambayar da babu kod ɗin da zai amsa maka ita, wai nawa ne harajin gunduma? A Teksas jiha na karɓar 6.25, ƙananan hukumomi duka a haɗe ba za su wuce 2 ba, don haka ƙarshe 8.25, to a gunduma ɗaya na cikin gari yana biyan 8.25 na bayan gari yana biyan ƙasa da haka. Kolorado ta fi rikitarwa, na jiha 2.9 ne kacal amma abin da garuruwa ke ɗorawa yakan fi na jihar yawa. Kenan gunduma ɗaya tana iya zuwa da layi goma a jadawali, in ka haɗa haka nan sai layukan taswira su ninka, dplyr, kunshin R mai haɗa jadawali, ya yi gargaɗi a kan irin wannan haɗin a siga 1.1.0, amma daga 1.1.1 sai lambar ta maimaitu a ɓangare biyu yake gargaɗi, kuma in ya fito bai kamata a share shi ba. Dole ka zaɓa, ko mafi ƙanƙanta, ko mafi girma, ko matsakaici. Na ɗauki matsakaicin da aka auna da yawan jama'a, don bai yi mini daidai ba ƙauyen mutum 200 ya yi nauyi ɗaya da birnin miliyan, sannan na ajiye mafi girma da mafi ƙanƙanta a kolum biyu. Lambar ZIP kuwa ban kusance ta ba, hanyoyin raba wasiƙa ne, tana tsallaka iyakar gari da ta gunduma yadda ta ga dama.

Wajen zane na juya taswirar zuwa tsarin shimfiɗa taswira na Albers, mai lamba EPSG 5070, saboda girman ƙasa ya fito daidai, shift_geometry kuma ya kawo Alaska da Hawai ƙasa ta hagu. Launi na yi amfani da jerin launukan viridis don masu matsalar bambance ja da kore, na yanka shi aji shida maimakon ya zuba haka nan, ido ya fi kamawa. Sai dai fa taswirar gunduma tana ruɗin ido, gundumomin yamma manya ne kamar me, Loving ta Teksas ba ta kai mutum 100 ba a ƙidayar 2020, Los Anjalas kuwa kusan miliyan 10, amma kowacce launi ɗaya take samu. Don haka na haɗa da wani ɗan jadawali a ƙasa mai nuna kashi nawa na jama'a ke cikin kowane aji.

Harajin ƙananan hukumomi yawanci a farkon zango yake canzawa, 1 ga Janairu, Afrilu, Yuli ko Oktoba, shi ya sa kowane layi na ba shi ranar da ya fara aiki, kuma ranar tana rubuce a ƙasan taswirar. A ƙarshen kod ɗin na sa stopifnot, umarnin da ke tsayar da aiki in sharaɗi bai cika ba, guda uku, FIPS ta zama harafi 5, kada lamba ɗaya ta fito sau biyu, kuma kada jimillar haraji ta yi ƙasa da na jiha. In zango ya zagayo fayilolin kawai nake sauyawa in sake kunna shi, in wani abu ya canza zai tsaya kafin ya kai ga zane.