Kumbon takardar da ya raba ni da Oga

Tunda na ajiye aiki a shagon ɗab'i, abokan sana'a ke tambayata wai da gaske a kan kayan wasan yara muka ɓata da Oga. Da gaske ne. Amma labarin da ya zagaya layin masu buga katin biki daga bakinsa ya fito, ni ba a ji nawa ba. Kuma ina ganin duk mai sha'awar fara haɗa kumbon takarda zai tsinci wani abu a ciki, don haka bari in faɗa.

A ɓangaren gamawa nake a lokacin, wato yanka da lamineshin bayan an buga. Guntayen katin da injin yanka ke zubarwa su suka fara ja na, don ina jin ciwon ganin ana share kati mai kyau ana kai wa bola. A intanet na ga yadda mutane ke sauke zane su buga, su yanka, su manna, sai ga kumbo irin na fina-finan ƙagen kimiyya tsaye a kan tebur. Yawancin zanen da manhajar Pepakura Designer ake fitar da shi, ta kamfanin Tama Software na Japan. Tana ɗaukar siffar abu a kwamfuta ta warware ta gunduwa-gunduwa a shimfiɗe, kowane gefe da lambarsa da ɗan kunnen da za a shafa wa gam. Lamba 47 ta nemi 'yar'uwarta 47, shi ke nan. A ido kamar ba wuya.

Da hannuna ya ɗan faɗa, sai na ɗauko Enterprise na shirin Star Trek, wanda Matt Jefferies ya zana, shirin da ya fara fita a talabijin a Amurka a 1966. Wanda bai san siffarsa ba: faifai ne a gaba, sai siririn wuya da ya haɗa shi da gangar jiki, sannan dogayen bututun inji biyu a baya, kowanne a ɗore kan siririyar ƙafa. Na yi shi tsawon rular 'yan makaranta da kati mai nauyin giram 160 a kowace murabba'in mita, na ajiye a kan kantar shago don in riƙa kallon abina.

A nan wani mai makarantar kuɗi ya gan shi, ya ce yana son babba don baje kolin kimiyya na ɗalibansa. Ina bayan shago ina lamineshin. Kafin in fito Oga ya yi ciniki, ya karɓi kafin alƙalami, ya yi alkawarin ninki uku na tsawon nawa, a kan kati giram 300 mai sheƙi, wanda aka lulluɓe da ledar lamineshin, kuma kafin ƙarshen mako.

Na ce, "Oga, wannan katin ba zai yi ba. Farin gam ba ya kama leda, kuma in ya kai wannan girman sai an yi masa ƙwarangwal a ciki."

Ya ce, "Kai, tun kana goye nake yanka takarda. Ƙara girma kawai za ka yi ka buga. Abin da ba a gani wa zai biya kuɗinsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini ko mako ɗaya ne."

Ya ce, "Kwastoma sheƙi yake so, ba lacca ba."

To ga laccar da bai saurara ba. Idan ka ninka tsawon abu sau 3, faɗin fatarsa ninki 9 yake yi, don tsawo da faɗi duk sun ƙaru. Kati giram 300 kuma ya kusa ninka giram 160 a nauyi. Ka haɗa su, bututun inji ɗaya ya tashi kusan ninki 17 na nauyin ƙaramin. Bai tsaya nan ba, nauyin ya kuma ƙara nisa da gindin ƙafar da ke riƙe da shi sau 3, kuma kowa ya san kaya ya fi nauyi a miƙaƙƙen hannu. Ita ma ƙafar ta ƙara kauri, gaskiya ne, amma ƙarfinta bai bi sawun nauyin ba, tunda a ciki fanko ce. Jefferies ya zana jirgin da zai yi yawo inda babu nauyi, mu kuma a kan tebur za mu ɗora shi. Ainihin samfurin da aka ɗauki shirin da shi, mai tsawon kusan ƙafa 11, wanda aka ba gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian da ke Washinton a 1974, da katako da roba aka yi shi. Masu haɗa na roba ma sun daɗe suna kuka da saukar bututun nan. Ina ga takarda?

Abin da na nema ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwalin bangon littafi yana nan jibge a shago. Da shi ake yanka zobba a jera cikin bututu da gangar jiki, a yi wa faifan haƙarƙari, sannan a zura tsinken tsire ko wayar ƙafar keke ta cikin ƙafafun biyu, ta ratsa har cikin gangar jikin ta kama kwalin. In an yi haka fatar ba ta ɗaukar komai, ado ce kawai, ko giram 120 ya isa. Kuɗin kayan bai kai na kwanon shinkafa ba. Lokaci yake ci, shi ne Oga ya hana.

Haka na zauna da katin da na san ba zai yi ba. Farin gam ruwa ne a cikinsa, sai ya ratsa zaren takarda ya bushe kafin ya riƙe, leda kuwa ba ta shan ruwa. Na shafa, na danna, na saki, kunnen ya buɗe baki. Oga ya aiki yaro ya sayo Super Glue. Shi kuma kamawa yake nan take, ba ya ba ka damar gyara gefen da ya karkace, ga farin hazo da yake bari a kan sheƙin da ake taƙama da shi. Wajen ninki, kati mai kauri sai ya tsage ta baya, farin ciki ya leƙo a kowace kusurwa. Faifan ne ya fi ba ni wahala. Zobba ne a jere, kowanne da guntaye da yawa, kuma zanen bai san kaurin kati ba, a wurinsa takarda ba ta da kauri ko kaɗan. Kowane haɗi ya ci ɗan abin da ido ba ya gani, har ka zagayo guntun ƙarshe ka tarar ya ƙi haɗuwa da na farko, ga rata ta shigar ɗan yatsa. Na toshe da faci, na juya wajen ya kalli baya.

Daga nesa ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Oga ya ɗauki hoto ya sa a Facebook na shago ya rubuta "aikinmu". Aka kai makaranta da yamma, ana tsakiyar damina, iska duk danshi. Kati na shan danshi ta gefen da aka yanka ko da an yi masa lamineshin. Washegari kafin iyaye su gama zama, bututun biyu sun sauko kamar kunnen ragon Balami.

Mai makaranta ya zo shago ransa a ɓace, ya ce ba zai cika kuɗi ba. Ina tsaye Oga ya shafa wa idonsa toka ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, yaron ne bai iya ba, koyo yake yi. Ni ma na gaya masa." Ni ma na gaya masa! Ƙarshen wata aka zare kuɗin kati da na lamineshin daga albashina. Ƙaramin kumbona na kan kanta kuwa, wanda na yi da lokacina bayan tashi aiki, Oga ya ɗauka ya ba mutumin don a rarrashe shi, ko tambayata bai yi ba. Yankan albashi na saba da shi, duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin wani a layin nan ya saba. Kyautar da aka yi da abina ce ta tsaya mini a rai. Ban yi faɗa ba. Na gama aikin kalandar da ke hannuna, na miƙa makulli.

A gida na sake gina shi a girman nan dai, da kuɗina, fata giram 160 marar sheƙi, ƙwarangwal na kwali, wayar keke a ƙafafu. Damina ta wuce a kansa, hunturu ya zo ya tafi, bututun na nan a miƙe. Ba don in nuna wa kowa na yi ba, amma dai na sa hoton a inda na san za a gani.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne, kuma duk wanda ya daɗe a harkar zai faɗa maka su. Kada ka fara da Enterprise ko wani abu mai faifai da lanƙwasa, nemi kumbo mai kusurwoyi tukuna. Takardar giram 80 ta fotokwafi ta gwaji ce kawai. Kafin ka yanka, bi layin ninki da biron da tawadarsa ta ƙare, a jikin rular ƙarfe, kuma ka duba wane layi ne ninkin tudu wane ne na kwari, don alamarsu ta bambanta. Gam da tsinken sakace ake shafa shi, kaɗan, in ya yi yawa takarda ta kumbura. Da hunturu yana bushewa kafin ka daidaita hannu, sai ka riƙa shafa kunne ɗaya-ɗaya. Wuƙar da ta dakushe yagar kati take yi, canza reza ya fi sake bugawa arha. Ka bi bakin kowane guntu da alƙalamin maka mai launin jikinsa kafin mannawa, farin gefe shi ke tona asirin ɗan koyo. Bututu kuwa a naɗe katin a jikin sanda tukuna, ta ɓangaren da yake lanƙwasa da sauƙi, mu masu ɗab'i mun san kati yana da hanyar zarensa. Tawadar firinta mai ruwa tana zuba in yatsa mai gam ya taɓa ta, ta gari kuma tana tsagewa a ninki, sai ka zaɓi wadda za ka iya jurewa.

In kuma a shagon wani kake, kada ka ajiye abin da ka yi da hannunka a kan kantarsa. In ya karɓo aiki a kan fasaharka, a rubuta irin kati da kwanakin da ka nema a gaban kwastoma kafin ka taɓa wuƙa.

Kwanan baya Oga ya turo yaron shago wai in taimaka masa da fayil ɗin, wata makaranta ta ga hoton a Facebook tana so. Na tura masa cikakke, ban rage ko shafi ɗaya ba. Ƙwarangwal ɗin dai ba ya cikin fayil, ni na auna shi da rula na yanka, kuma Oga da bakinsa ya ce ba mai biyan kuɗinsa.