Lauje a Ƙarƙashin Madubi

Na sauka Gilasgo cikin watan Satumba da akwati biyu, ɗaya rabinsa kuka ce da kuɓewa busasshiya da yajin da Umma ta daka da hannunta. Ruwan sama ne ya tarbe ni, har yau kuma bai sallame ni ba. Turancin mutanen Sikotilan kuwa sai wanda ya ji. Direban bas na farko da ya yi mini magana, sau uku ina cewa ya maimaita, daga ƙarshe na gyaɗa kai kawai na nemi kujera. Zuwa Disamba, kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, Azahar da La'asar suna bin juna a guje, sai in yi su a lungun da muke rataye fararen riguna.

Abin da na zo karanta shi ne yadda cuta take ɓata jiki tun daga ƙwayar halitta. Wata Talata aka miƙo mana jinin mai sikila an shafa a ɗan gilashi. Na kafa ido a madubin hangen ƙwayoyi, sai ga jajayen ƙwayoyin jinin: wasu kewayayyu lafiya lau, wasu sun lanƙwashe tamkar laujen yankan ciyawa. Hannuna ya yi sanyi, ba don yanayin garin ba. Jinin Autanmu nake kallo, ko da yake ba nasa ba ne.

Shekara goma sha huɗu muna kwana a kansa duk hunturu, Umma na gasa masa ƙafa da tsumma da ruwan zafi, wasu dangi na raɗa wai sammu ne. Ashe a himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, a sarƙarsa mai gurbi 146, gurbi na shida kaɗai aka samu musanya, wani tubalin ginin sarƙar mai suna falin ya zauna a mazaunin wani mai suna gulutamik. Shi ke nan fa. Da iskar oksijin ta yi ƙasa, sai himogulobin ɗin ya manne ya zama sanduna, ya tanƙwara ƙwayar, ta taurare, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Sanyi yana ƙara tsuke hanyoyin, ƙishirwa tana kaurara jinin. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 da ƙyar take kai ashirin. Vernon Ingram ne ya gano wannan musanyar a Kambirij a 1956, bayan Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji sikilar daga ɗaya cikin iyayensu kawai, sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa abin ya yi yawa a wajenmu ke nan.

Da malamar ta ambaci Najeriya, abokan karatuna suka waiwayo. Su tambayar jarrabawa suke gani, ban kuwa ga laifinsu ba.

Da dare na kira gida, na zuba wa Umma bayani har da zane a takarda. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To 'yar nan, duk wannan karatun, an samo maganin?"

Na ce akwai haidiroksiyuriya, yana ƙara irin himogulobin da jariri ke zuwa da shi, ciwon ya rage tashi, amma sai likitansa ya duba shi tukuna.

"Allah Ya sa. Ke dai kina rufe ƙirjinki ko?"

Washegari na shiga kantin gwanjo na sayi safa mai kauri ƙafa shida da rigunan sanyi na ciki. Biyu nawa, sauran na Auta, suna jiran mai tafiya Kano.