A zo Zango kafin a rubuta takardar

Maganin tarin fuka wata shida ake yi ana shan sa, wata biyun farko ƙwaya mai haɗin magani huɗu, sauran wata huɗun mai haɗin biyu, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ɗan ci-ranin da ya taso daga Jigawa ko Katsina ko Maraɗi kuwa bayan girbi yake sauka Legas, ya kama turin ruwa ko dako ko gadi. Da an ce masa hadari ya fara haɗuwa a gida, wajen Mayu zuwa Yuni, sai ya ɗaure jakarsa. To idan a watan Maris aka gano yana da tarin, rabin maganin ne kawai zai sha a nan. Babu mai shayin da bai san wannan lissafin ba a Agege. Masu tsara shirin lafiya ne sau da yawa ba su sani ba, saboda ba su tambaya ba.

A Zangon Agege aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo kakana, ni kuma kemis nake da shi. Da yake ina jin Hausa da Yarabanci da Turanci, akan neme ni tafinta idan wata ƙungiya ta shigo unguwa da aikin lafiya. Amma kusan kullum sai an gama komai ake neman mu. An rubuta tsari, an buga takardu, an sa rana, abin da ya rage a tara jama'a a ƙofar fadar Sarkin Hausawa.

Wata ƙungiya ta taɓa zuwa gwajin tarin fuka, mutanen kirki ne, da niyya mai kyau suka zo. Sai dai ƙarfe goma na safe suka sa a riƙa zuwa karɓar magani, lokacin da ɗan dakon kasuwar Mile 12 yake tsakiyar sauke kwandunan tumatir, mai gadi kuma bai jima da kwanciya ba. Takardarsu na neman lambar gida da sunan titi, alhali rabin mutanen a barandar masallaci ko cikin rumfar ubangidansu suke kwana. Wani saurayi ɗan ga-ruwa ya shigo shagona da katinsa a naɗe cikin leda, ya tsaya har masu saye suka watse, sannan ya ce, "Alhaji, ni fa shuka za ta mai da ni gida. Can wa zai ba ni?" Na ce, "Ƙanena, akwai takardar da ake rubuta wa mai tafiya ya kai asibitin garinsu ya ci gaba da karɓa." Bai taɓa jin labarinta ba. Da ya tafi haka nan, a rahoto za a rubuta ya gudu daga magani, kuma katse maganin ne ke haifar da tarin da ba ya jin ƙwayoyin farko, wanda jinyarsa ta fi wuya. Da an zauna da shugaban 'yan ga-ruwa tun farko, tambayar farko a takardar da ta zama: yaushe za ka koma gida, wane asibiti ne kusa da ku?

Nakan ji ana cewa mutanenmu suna da taurin kai kan harkar asibiti. Maganar na yi mini ciwo, domin mai faɗinta ya manta da 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003. Kuma abin da ya dawo da mutane ba tsawa ba ce. An kawo rigakafi daga Indunisiya a 2004, a 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti ƙarƙashin Sarkin Musulmi, matan unguwa suka riƙa shiga gida-gida suna magana da 'yan uwansu mata. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan-inna. An riga an ga hanyar da ke aiki, ban san dalilin da za a riƙa mantawa da ita idan an zo kan Hausawan Legas ba.

Amma a nan ina da ƙorafi har a kan namu. Gaishe da sarki wajibi ne, sai dai gaisuwar ba ta isa a ce an tuntuɓi al'umma ba. Matar da ke cikin gida a Idi-Araba ba za ta faɗi matsalar haihuwarta a gaban fadawa ba, ungozoma da malamar Islamiyya take gaya wa. Bawan Allahn da ya zo daga Damagaram ba shi da takarda, da ya ga biro da rajista sai ya sulale. 'Yan acaba tun hanin da gwamnatin Legas ta yi wa sana'arsu a wasu unguwanni a 2020 da 2022, duk mai tambayar suna da wurin kwana kallon ɗan leƙen asiri suke yi masa. Kowane rukuni a cikin waɗannan yana da wanda yake jin maganarsa, kuma ba lallai ne mai rawani ba.

Haka batun bincike. Cibiyar binciken lafiya ta ƙasa tana Yaba, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, wato masana ba su yi mana nisa ba. Ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta wajabta a yi wa mutum bayani ya fahimta kafin ya amince. Amma takarda mai shafi da yawa da Turanci, a ce wa wanda ajami ya iya ya dangwala yatsa, wannan ba fahimta ba ce. Sannan an ɗebi jini, an yi tambayoyi, an tafi, sakamakon ba ya dawowa unguwa. Kuma wa ya zaɓi abin da za a bincika? Da ni aka tambaya, da na ce hawan jini, da ƙwayoyin ƙarin ƙarfi da matasa ke haɗiya don su jure dako, da ruwan sha. Lokacin kwalarar Yunin 2024, ai 'yan ga-ruwa sun fi kowa sanin rijiyar da kowane layi ke sha.

Shi ya sa yanzu duk ƙungiyar da ta neme ni nakan ce mu fara zama tun takardar tana fara, ba a rubuta komai ba. Zaman maza bayan isha'i, na mata daban da rana, mace ta jagoranta. Wanda ya bar aikin yininsa ya zo ba da shawara a biya shi, kamar yadda ake biyan masanin da ya zo daga ofis. Idan an gama kuma a dawo a karanta mana abin da aka gano da Hausa, a wurin da aka yi tambayoyin. Wasu sukan ce kasafinsu bai tanadi haka ba, sai in ce su koma su gaya wa mai ba da kuɗin ya sa a ciki.